Tsohon madubin hangen taurari na Criterion RV-6 yana rawa a kan mazauninsa, ta ina za a fara gyara?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce a Kano kake, ka samu tsohon madubin hangen taurari cikin kayan gwanjo da aka kawo daga Amurka, an rubuta Criterion Dynascope RV-6 a jikinsa, yana nuna wata tangaran amma da ka taɓa shi sai komai ya kama rawa, ka saita Mushtari (Jupiter) ka saki hannu sai ya zame, ɗan moton da ke bin taurari kuma ko ka ba shi wuta ta taransifoma ba ya riƙe tauraro a tsakiya, sannan wani mai walda ya ba ka shawarar a liƙe gaɓoɓin a ƙara masa ƙarfe ya yi nauyi. To kafin komai dan Allah kar ka bari wutar walda ta kusanci abun nan, garin neman gira za a rasa ido.

Abun da ke hannunka ba ƙaramin kaya bane. Kamfanin Criterion na garin Hartford a jihar Connecticut ne ya fara fitar da RV-6 a 1959, an daɗe ana sayar da shi a kan dala 194.95, daga baya kuma Bausch & Lomb suka sayi kamfanin a 1982. Madubinsa inci 6 ne, nisan haɗuwar haskensa kusan milimita 1200, kuma masu wannan harka har yau suna yabon madubin. Mazaunin ne dama tun yana sabo ba wani jibgege bane, an yi shi daidai kuɗin mai ƙaramin ƙarfi, sai kuma shekaru sama da 40 suka hau kai. Yawancin sassan kan nasa alminiyam ne na zubi, kuma alminiyam na zubi in ya sha zafin walda murɗewa yake ko ya tsage, ramin da shaf, wato sandar ƙarfen da kan ke juyawa a kanta, ke zaune a ciki in ya murɗe shikenan an gama da shi.

Maganar ƙara nauyi kuma, mutane da yawa suna ɗauka rashin nauyi ne ke kawo rawa. Ba shi bane. Abubuwa biyu ne ake haɗawa a kira su rawa alhali maganinsu daban. Akwai sako-sako, wato ka tura bututun madubin ya ɗan tafi a banza kafin wani abu ya tare shi, ka saki kuma bai dawo inda yake ba, wannan gibi ne a wata gaɓa. Akwai kuma karkarwa, ka ɗan doki bututun da yatsa hoton ya yi ta kaɗawa yana raguwa har ya tsaya a inda yake da farko, wannan lanƙwasar ƙarfe ce da rashin abin da zai shanye motsin. A tsohon mazauni irin naka kusan kullum sako-sako ne ya fi yawa, kuma in baka kashe shi ba ko buhun siminti ka rataya masa ba abun da zai canza. Bari in nuna maka dalilin da lissafi kaɗan. A ce tsakanin wuraren biyu da shaf ke zaune akwai santimita 15, kuma gibin da ke wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kaurin takarda kenan, da ido ba za ka gani ba. Wannan gibin zai karkatar da bututun da kusan sakan 137 na kusurwa (digiri ɗaya ake rabawa 3600 a samu sakan ɗaya), shi kuma Mushtari gaba ɗayansa in ya matso kusa faɗinsa wajen sakan 45 ne. Kaga kaurin takarda ɗaya ya jefar maka da shi ninki uku na faɗinsa, kai kuma kana kallo da gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake sa ido a leƙa ta cikinsa, na milimita 9 wanda ke ƙara girma kusan sau 135, dole kaga kamar girgizar ƙasa ake.

Don haka aikin farko ba sufana bane, yatsa ne. Da rana, ka ajiye shi a ƙasa mai tauri, ka samu yaro ya riƙe bakin bututun yana ɗan turawa yana ja a hankali, ba da ƙarfi ba. Kai kuma ka ɗora kan yatsanka a daidai layin da ƙarfe biyu suka haɗu, rabin yatsan a wannan rabi a wancan. Fatar yatsa tana jin motsin da ido ba ya gani, za ka ji kamar ana ɗan tsungulinka in gaɓar tana motsi. Ka fara daga ƙasa: tafin ƙafa da ƙasa, ƙafa da turke (bututun ƙarfen da ke tsaye a tsakiyar ƙafafun), turke da hular da ke samansa, hular da gidan shaf ɗin da ke kallon arewa, shaf ɗin da gidansa, shaf na biyu da nasa gidan, sirdin da bututun ke kwance a kai, zoben da suka rungume bututun. Duk inda ka ji motsi ka sa masa alama da alli. Kar ka gyara komai tukuna sai ka gama zagayen, saboda yawanci ba waje ɗaya bane, kaɗan nan kaɗan can ne suke taruwa. Sannan da daddare ka saita tauraro mai haske da gilashin milimita 9 ɗin, ka doki bututun da yatsa ka ƙirga sakan nawa yake ɗauka kafin ya tsaya, ka rubuta. Wannan lambar ce alƙalinka, duk gyaran da ka yi ka dawo ka sake gwadawa, in bata ragu ba to gyaran bai yi komai ba ko da kuwa ya yi kyau a ido.

Ka duba bututun kansa ma kafin ka ɗora wa mazauni laifin duka. Ƙyallen da ke cikin zoben yana shanyewa ya zama kamar fata, bututun ya riƙa zamewa a ciki, sabon ƙyalle mai kauri da gam ya wadatar. Madubin da ke gindi in kusoshin saitinsa sun saki shi ma yana motsi, kuma hoton zai yi tsalle daidai kamar mazauni ne. Bututun RV-6 ba ƙarfe bane, wani irin kwali ne da aka jiƙa da bakalayit, in ka matse zoben da ƙarfin tsiya zai iya tsagewa.

Yanzu kwancewa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Ka ɗau hoto da waya a kowane mataki, ka jera kayan a faranti yanda suka fito. Kusoshin wannan abun duk ma'aunin inci ne na Amurka, irin su 1/4-20 da 5/16-18 da 3/8-16, mu kuma abun da ya cika kasuwarmu na milimita ne, M6 da M8 da M10. M6 da 1/4-20 a ido kamar ɗaya suke, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai gyara ya ce tsatsa ce ya sa ƙarfi, zaren alminiyam ɗin ya fito kamar gari. Ko ƙusa ɗaya kar ka yar, in dole sai ka sayi sabuwa ka tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada notinta a kai, masu kayan tsofaffin injinan Amurka da na taraktoci sukan samu na inci. Alanki ma ka nemi na inci, na milimita zai cinye kan ƙusar. Ƙusar ƙarfe da ta shekara 50 cikin alminiyam kamawa take, ka zuba mata man kwance tsatsa ka barta ta kwana, ka ɗan ɗumama alminiyam ɗin da ke kewaye, ka riƙa murɗawa gaba kaɗan baya kaɗan.

Ga wani abu da in baka sani ba za ka lalata ramin da hannunka. Ƙananan kusoshin da ke danne zobe da giya a jikin shaf, kowacce ta huda shaf ɗin ta tayar da ɗan tudu a gefen inda ta cija. In ka cire zoben ka ja shaf ɗin haka nan, wannan tudun zai bi ta cikin ramin alminiyam yana karta shi tun daga farko har ƙarshe, in ya maƙale kuma sai mutum ya ɗauko guduma. Ka shafa yatsa a jikin shaf ɗin, duk inda ka ji kaifi ka goge da ƙaramar zarto mai laushi har ya yi sumul, sannan ka zare shi kana juyawa. In ya ƙi, katako za ka ɗora a kai ka ɗan bubbuga, ba ƙarfe kan ƙarfe ba. Tsohon giris ɗin za ka same shi ya daskare ya zama kamar ƙaro, kananzir da tsohon burushin haƙori suna fitar da shi. Tsatsar shaf kuma samfefa mafi laushi da ɗan mai, ka cire jan kawai ka tsaya, duk abun da ka ƙara ci daga jikin ƙarfen gibi ka ƙara.

In ka wanke ka mayar da shaf ɗin a bushe ba giris, a nan za ka san gaskiyar gibin. Iri biyu ne shi ma. Akwai na tsawo, shaf yana shiga yana fita, wannan mai sauƙi ne, washa ta roba mai santsi irin Teflon ko nailan za ka sa tsakanin zoben da gidan, in babu ka yanka daga jikin farar jarka, sai ka danna zoben da hannu ya zauna ka ɗaure. Akwai na gefe, shaf yana kaɗawa a cikin ramin. In kaɗan ne, gwangwanin lemo kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ka yanka ɗan siriri da almakashi ka naɗa a bakin ramin ta ciki, sama da ƙasa, ka gwada. Ba gyaran dindindin bane amma zai nuna maka ko nan ne ciwon, kuma sau da yawa yana kai mutum shekaru. In gibin ya wuce haka, sai a je wajen masu injin gurzar ƙarfe, waɗanda ke yi wa masu mota bushin, a faɗaɗa bakin ramin kaɗan a dasa bushin na tagulla. Sharaɗin shi ne a gurji bakin biyu a ɗauri ɗaya ba tare da an sauke ƙarfen daga injin ba, in aka yi su daban-daban ba za su kalli juna ba shaf ɗin zai cije. Ka tsaya a kansa ayi a gabanka. Wasu suna cewa a sa boris, ni ban goyi baya ba a wannan mazaunin, naman alminiyam ɗin bai da kaurin da za a ci masa haka, kuma boris yana sa abu ya yi santsi fiye da kima, ɗan jan da bushin ke yi shi ke shanye karkarwa. Saitin da kake nema irin na wuyan keke ne, in ka matse ya ƙi juyawa in ka saki ya yi ƙara, tsakiyar nan inda yake juyawa da yatsa biyu amma ba ya kaɗawa.

Giris kuma ka sa na litiyam mai kyau ko na roba irin Super Lube in ka samu, shafi kaɗan. Mai ruwa-ruwa a zafin Afrilu zai tsiyaye, WD-40 kuma na wanki da kwance tsatsa ne ba na zama ba. Duk giris ɗin da ya leƙo waje ka goge, ƙurar hunturu in ta haɗu da shi ta zama abin gurza ƙarfe, kuma ka ɗinka wa kan mazaunin riga.

Sai babbar maganar da yawancin shawarar da za ka karanta daga Amurka ba za ta gaya maka ba, saboda yawancinsu basu da matsalar. Shaf na farko dole ya kalli ƙahon sama na arewa, wato wajen da tauraron arewa yake, tashinsa daga kwance kuma daidai yake da digirin garin da kake daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Hartford inda aka ƙera shi tana wajen digiri 42, Kano 12, Kaduna 10 da rabi, Sakkwato 13, Yamai 13 da rabi. A digiri 42 kan mazaunin yana tsaye kusan bisa turken, sandar dutsen nauyi, wato dunƙulen ƙarfen da ke daidaita nauyin bututun, tana karkata nesa da shi. In ka kwantar da shi zuwa 12 kuwa duk nauyin bututu da dutse ya leƙa gaba ta arewa, sandar tana rataye kusan a miƙe kusa da turken har dutsen kan iya gogarsa, kuma ƙusa ɗaya tal da ke riƙe wannan karkatar ita ke ɗaukar duk wahalar. Ina da yaƙinin zamewar da kake gani in ka saki hannu kaso mai yawa daga nan take. Kar ka ce za ka yi ta matse ƙusar da dogon sufana, kunnuwan alminiyam ɗin da take ratsawa karyewa suke. Abun yi, ka wanke fuskokin da ke haɗuwa tas kar giris ko ɗigo ya taɓa su, ka sa faffadar washa mai tauri kowane gefe, sannan ka ba ta mataimaki: ƙarfen nan mai zare biyu da ake ja da wayar da ke riƙe turken lantarki, ƙaraminsa, ka ɗaura kai ɗaya a wutsiyar gidan shaf ta kudu, ɗaya kan a ƙasa jikin turken da ɗamarar ƙarfe. Nauyi yana jan gaba ƙasa, shi yana riƙe baya, an samu kusurwa uku kenan, kuma kusurwa uku ba ta lanƙwasa. Ƙari a kai, murɗa shi kaɗan zai riƙa ɗaga maka shaf ɗin ko sauke shi a hankali lokacin saiti, wanda da ƙusa ɗaya wahala ce. Ɗamara nace fa, ba huda ba, duk abun da za ka ƙara ya zama wanda za a iya cirewa a mayar da kayan yanda kamfani ya yi shi. Kuma kullum ƙafa ɗaya ta kalli arewa, a ƙarƙashin dutsen, in ba haka ba wata rana zai kifa da fuska.

In dutsen yana taɓa turken duk da haka, nan ne mai waldarka zai yi amfani: ya yi maka wani ɗan gajeren turke daban mai karkataccen kai, ko faranti mai kauri da zai tura kan gaba kaɗan, a ɗaura da kusoshi tsakanin turken asali da hular. Sabon ƙarfe ya sha walda, tsohon kar a taɓa shi.

Turken da ƙafafun kuma, ka cire kowace ƙafa ka kankare tsatsa da tsohon fenti a inda take haɗuwa da bututun ƙarfen. So ake ta zauna a gefen sama da gefen ƙasa, in tsakiya ce ke taɓawa lilo za ta yi komai matsin da ka yi mata. In akwai kusoshin daidaita tsayi a tafin ƙafa ka mayar da su ciki iya yanda za su shiga, domin lanƙwasar sanda tana ƙaruwa ne da tsawonta sau uku a jere, wato ka rage tsawon da rabi taurin ya ninka 8. Kauri ma ya fi haka, ka ninka kaurin sanda taurinta ya ninka 16, shi ya sa siririyar ƙusa doguwa a ƙarƙashin ƙafa take iya ɓata duk aikin da ka yi a sama. Bayan duk wannan ne yashi zai shigo. Ka toshe gindin turken da katako, ka cika shi da busasshen yashi, busasshe sosai wanda ya sha rana, mai laima zai cinye ƙarfen ta ciki. Ba don nauyi ake sa shi ba, ƙwayoyin yashin ne ke gogar juna suna shanye karkarwa, shi ya sa ya fi kankare a wannan wajen, kuma ranar da kake son ɗaukarsa sai ka zazzage. Inda kake ajiye shi ma yana da tasiri, ƙasa tsura da aka daddaɓe ta fi dakalin siminti, saman bene kuwa ya fi ko'ina muni, ana tafiya yana motsi ga zafin da yake fitarwa da daddare yana sa hoto ya yi ta rawa kamar cikin ruwa. Kar ka sa soso ko katifa a ƙarƙashin ƙafa, ƙara lilo yake. Akwai faifan roba na musamman da ake yi da Sorbothane, suna aiki in ka samu, in baka samu ba ƙasa ta ishe ka.

Daidaita nauyi, ka fara da bututun, ka kwantar da sandar dutse a kwance ka zame bututun cikin zobensa har ya daina rinjaya gaba ko baya, da gilashin ido a jiki. Sannan ka matsar da dutsen har ɓangarorin biyu su yi daidai. In dutsen ya kai can ƙarshen sanda kafin ya daidaita, gara ka ƙara masa wani ka dawo da su kusa da gidan, dutse mai nauyi a kusa ya fi mara nauyi a nesa saurin tsayawa. Daga ƙarshe ka bar ɓangaren gabas ya ɗan fi nauyi kaɗan, ta yanda giyar kullum tura kaya take zuwa sama haƙoranta na manne da juna, in ya yi daidai cif sai ya riƙa yawo a cikin gibin haƙoran.

To moton. Wannan ba lalacewa ya yi ba, kuma taransifomar ka bata yi laifi ba. Irin moton agogon bango ne na da, gudunsa ba daga ƙarfin wuta yake ba, daga bugun wutar yake. Wutar Amurka volt 110 zuwa 120 ce tana bugawa sau 60 a sakan, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 tana bugawa sau 50. Taransifoma tana sauke volt ne kawai, bugun yana nan a 50, saboda haka moton yana tafiya da kashi 5 cikin 6 na gudun da aka yi shi da shi. Sama tana juyawa sau ɗaya a awa 23 da minti 56 da sakan 4, wato sakan 15 na kusurwa a kowane sakan na agogo, kai kana rasa 2 da rabi a ciki. Cikin sakan 18 Mushtari ya gusa da faɗin jikinsa, cikin minti uku da wani abu ya fita daga gilashin. Janareta kuma ta fi muni don bugunta hawa da sauka yake da kaya. Mafi sauƙin magani ƙaramar inbata ta mota irin ta kasuwar Amurka, wadda ke ɗaukar volt 12 ta fitar da 110 a bugu 60, ka haɗa ta da batir, moton wat kaɗan yake ci, ƙaramin batir zai kai ka asuba. Ka karanta jikinta ka tabbatar 60Hz aka rubuta. Wanda ke da hannu a lantarki zai iya cire moton ya adana, ya sa moto mai taku da ɗan allon sarrafawa, akwai tsarin OnStep da Howard Dutton ya fitar kyauta wanda mutane da yawa suka farfaɗo da tsofaffin mazaunai da shi, amma wannan aikin wani zangon ne. Wayar wutar ta asali ka canza ta ko da ta yi kyau a ido, robarta ta bushe, bata da layin ƙasa, kai kuma kana tsaye a raɓa kana riƙe da ƙarfe.

Cikin akwatin moton akwai giya mai haƙora da dunƙulen zare da ke tura ta, da kulochi mai faifan kok (irin abin toshe bakin kwalba) wanda ke ba ka damar tura bututun da hannu moton na aiki. Kok ɗin in ya shanye ko giris ya jiƙa shi zamewa zai yi ta yi, ka yanka sabo daga takardar gaskit ta kok da masu kayan mota ke sayarwa, a bushe ake sa shi. Matsinsa daidai yanda moton zai ja bututun amma hannu ya iya rinjayarsa ba tare da ƙarfi ba. Wajen haɗa zaren da giyar ka sani giyar ba ta cika zama da'ira cif ba, akwai inda ta fi tudu, ka juya ta zagaye guda ka nemo wajen da ya fi matsewa ka yi saitin a nan, ka bar ɗan gibi kamar gashi. In ka saita a wajen da ya fi saki, tana zuwa tudun za ta cije, ƙananan giyoyin cikin moton su ne za su biya, kuma samun irinsa yanzu aiki ne.

Saita shaf ɗin arewa a Kano ma sai da dabara, tauraron arewa digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, gini ko hazo sun rufe shi yawancin dare. Don kallo da ido, kamfas ɗin waya da ma'aunin karkata na waya sun isa, ka tsaya nesa da ƙarfen lokacin da kake duba kamfas. In kana son ya fi haka, ka kunna moton ka saita tauraro da ke tsakiyar sama kusa da layin da ya raba sama arewa da kudu, irin taurari ukun nan na ɗamarar Oriyon, in yana zamewa kudu shaf ɗinka ya yi gabas da yawa, in arewa ya yi yamma. Sai ka koma wani a ƙasa-ƙasa ta gabas, in ya zame kudu shaf ɗin ya yi ƙasa, in arewa ya yi sama. Ka samu daidai ka yi wa tafin ƙafafun alama a ƙasa. Kuma tunda nasan za ka nemi jinjirin wata da shi, sai rana ta faɗi gaba ɗaya tukuna, madubi inci 6 in ya kamo rana ido ba ya dawowa.

Abun da za ka sa rai, in aikin ya yi kyau bugun yatsa ya mutu cikin sakan 2 zuwa 3, kuma ka iya murɗa saitin gani ba tare da Zuhal (Saturn) ya fice ba. Shi ma abun murɗawar ka wanke haƙoransa ka sa sabon giris, rabin rawar da mutane ke kuka da ita hannunsu ne ke kokawa da busasshen giris a wajen. Ɗaukar hoto mai dogon buɗi, inda kyamara ke daɗewa tana tara haske, kuwa ba aikin wannan mazaunin bane ko an gyara shi, wata da duniyoyi da waya a bakin gilashi zai yi. In kuma ka buɗe ka tarar wani ɓangaren alminiyam ɗin ya riga ya tsage, ka ajiye mazaunin gefe kar ka yar, kafinta ya yi maka akwatin filawud irin wanda John Dobson ya yaɗa a San Francisco tun shekarun 1960, zai ɗauki bututun nan daram kuma babu ruwansa da digiri 12, sai dai da hannu za ka riƙa bin tauraro.

Ka yi gwajin yatsan ka faɗa mini gaɓoɓin da suka samu alli, da sakan nawa ka ƙirga, sannan ka buɗe akwatin ka karanto mini abun da aka buga a jikin moton, volt da bugu da yawan juyawarsa a minti, a tsofaffin za ka ga an rubuta 60 CY maimakon Hz. Da wannan zan iya gaya maka ko gwangwanin lemo zai ishe ka ko sai an je wajen masu bushin.